Juma'ar Da Za Ta Yi Muni Ma Tun Daga Laraba Ake Gane Ta

Duk mai bibiyar labaran ƙasar Amurka tsakanin watan Afrilu da na Yuni ya saba da wani rahoto da ke maimaita kansa kowace shekara. Za a nuna unguwa guda ta zama kufai, motoci sun kife, ƙanƙara ta farfasa gilasai ta kwantar da alkama a gonaki. Kafin a gama kwashe ɓaraguzai, sai ga masanin yanayi a gaban taswira yana bayyana abin da ake sa ran gani daga Juma'a zuwa Lahadi. Mu da ke nesa, hotunan ɓarnar ne ke ɗaukar hankalinmu. A ganina kuwa wannan hasashe da ke biyo bayan bala'i, wanda ake yi wa mutanen da ke cikin makoki da firgici, shi ya fi cancantar nazari, domin a kansa ne ake gane ko ilimin yanayi yana ceton rai.

Ya kamata mu fara da bambance abin da ake magana a kai. Guguwar da muka sani da rani, mai kwasar ƙura da ledoji a fili, daga zafin ƙasa take tashi, kuma ba ta jimawa take mutuwa. Wadda Amurkawa ke kira tonado daga cikin hadari take saukowa kamar hannun giwa, tana juyi har ta taɓa ƙasa. Mafi ƙarfinta kan yi gudun da ya haura kilomita 320 a sa'a guda, ta tumɓuke gida daga harsashinsa. Ana samun kimanin 1,200 a Amurka kowace shekara, adadin da babu wata ƙasa da ta kama ƙafarsa.

Dalilin haka yana cikin shimfiɗar ƙasar. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga Mashigin Tekun Meziko ta nufi arewa. Busasshiyar iska tana gangarowa daga tsaunukan Roki da hamadar kudu maso yamma, mai sanyi kuma daga Kanada. Babu wani dutse da ya gitta tsakanin kudu da arewa da zai raba su, don haka sai su yi karo a filayen Teksas da Oklahoma da Kansas. Idan aka yi dace iskar da ke can sama ta fi ta ƙasa gudu, kuma ba fuska ɗaya suka nufa ba, sai hadarin ya shiga juyi. Irin wannan hadari mai juyi shi ke haifar da manyan tonado, shi ne kuma ke haifar da manyan ƙanƙara, domin iskar da ke hawa a cikinsa tana riƙe ɗigon ruwa a wuri mai tsananin sanyi, yana daskarewa yana ƙara kauri har ya fi ƙarfinta ya faɗo. A ranar 23 ga Yulin 2010 an tsinci ƙanƙara guda a garin Vivian na jihar Dakota ta Kudu mai faɗin santimita 20, nauyinta ya kusa kilo ɗaya.

Abin lura shi ne, wannan haɗuwar iskoki ba ta watsewa a yini ɗaya. Takan yi kwanaki tana kai gwauro tana kai mari a yanki guda. Shi ya sa garin da aka buga ranar Litinin yana iya shan wani bugun ranar Juma'a, alhali rufinsa ya riga ya yi rauni, ƙasarsa ta ƙoshi da ruwa, mutanensa da yawa suna rakuɓe a gidajen 'yan'uwa.

Cibiyar da ke hasashen irin wannan hadari tana garin Norman na jihar Oklahoma, kuma aikinta hawa-hawa ne. Tun ana saura kwanaki, har zuwa takwas, takan fitar da taswirar yankunan da ake jin tsoro. Tun daga 2014 ta kasa haɗarin gida biyar, daga ɗan kaɗan zuwa mafi tsanani. Idan ranar ta zo, sai a fitar da sanarwar a zauna cikin shiri, wadda kan shafi yanki mai faɗi na tsawon wasu sa'o'i. Gargaɗi na ƙarshe, na a nemi mafaka yanzu, ofisoshin yanayi na yankuna ke bayar da shi idan na'urar rada ta nuna juyi ko wani ya ga guguwar da idonsa, kuma galibi bai fi 'yan mintoci goma sha ba tsakaninsa da isowarta. Alƙaluman taswirar ma suna da ma'ana ta musamman. Idan aka ce kashi 10 cikin ɗari, ana nufin yiwuwar tonado ta sauka a cikin kilomita 40 daga inda mutum yake. Kunne zai ji adadin ƙarami ne, amma ya ninka na ranar da babu komai sau da yawa. Wanda bai san wannan ba zai ji hasashen ya ci gaba da harkarsa.

Wannan tsari bai zo da sauƙi ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1880, hukumar yanayin Amurka ta yi shekaru da dama tana hana ma'aikatanta ambaton kalmar tonado a cikin hasashe, bisa tunanin cewa firgicin da za ta jawo zai fi guguwar kanta illa. A cikin wannan zamani na kame baki ne guguwar 18 ga Maris 1925 ta ratsa jihohin Missouri da Illinois da Indiana ta kashe mutum 695, ba tare da an gargaɗi kowa ba.

Hasashen bayan bala'i ne ya karya wannan al'ada. A ranar 20 ga Maris 1948 tonado ta faɗa wa sansanin sojan sama na Tinker, kusa da birnin Oklahoma, ta lalata jirage masu yawa. Aka umarci jami'ai biyu masana yanayi, Manjo Ernest Fawbush da Kyaftin Robert Miller, su binciki yadda abin ya faru. Suna cikin binciken ne, a ranar 25 ga wata, suka ga taswirar ranar ta yi kama da ta kwana biyar da suka wuce. Hankali ba ya ɗaukar cewa guguwa za ta sake bugun wuri guda cikin mako ɗaya, kuma sun san kuskure zai zubar musu da mutunci. Duk da haka, da kwamandan sansanin ya matsa, suka fitar da hasashen. Aka shigar da jiragen da za a iya cikin rumfunansu, aka kai mutane mafaka. Da yamma guguwar ta zo, ta yi ɓarnar dukiya, amma ba a rasa rai ba. A 1950 aka ɗage haramcin, a 1952 kuma aka fara yi wa jama'a hasashen tonado a fili.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce faɗin gaskiya kaɗai ya wadatar. Abin da ya faru a wannan yanki bayan shekara 65 ya nuna akwai sauran magana.

Ranar Litinin 20 ga Mayun 2013, tonado mafi girman daraja a ma'auninsu ta ratsa garin Moore, wanda ke tsakanin birnin Oklahoma da Norman. An yi gargaɗi kimanin minti 16 kafin ta sauka, amma ta kashe mutum 24, cikinsu da yara bakwai a makarantar firamare ta Plaza Towers. Gidaje da yawa a yankin ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mutane suka kwana suka tashi suna kallon hotunan gidajen da babu abin da ya saura sai daɓe, sai wani tunani ya zauna a zukata: wanda bai shiga ƙarƙashin ƙasa ba, ba zai tsira ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar Juma'a 31 ga wata, masana suka sake hango hadari a kan yankin, suka kuma faɗa tun da wuri. Hasashensu ya yi daidai. Da yamma tonado ta sauka kusa da El Reno, yamma da birnin Oklahoma, ta buɗe har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Amma shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa, wato a shiga ɗakin tsakiya na gini mai ƙarfi, a hawan ƙasa, nesa da tagogi, a rufe kai, ba ita dubban mutane suka bi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Suka ɗebi iyalansu a motoci suka nufi kudu, har da ƙarfafawar wani mai gabatar da hasashe a talabijin. Manyan hanyoyin birnin suka cushe, motoci suka tsaya cak a ƙarƙashin hadarin. Mutum takwas da guguwar ta kashe duk a cikin motoci suke, har da Tim Samaras, injiniyan da ya yi shekaru yana auna tonado, da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. Allah Ya kiyaye, babbar guguwar ta ɗaga kafin ta isa inda cunkoson yake.

A daren nan kuma ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Wasu iyalai da suka ji tsoron iska sun shiga manyan magudanan ruwa don su fake, ambaliya ta tafi da su. Waɗanda ruwa ya ci sun haura goma, sun fi waɗanda guguwar El Reno ta kashe, kuma cikinsu akwai baƙi 'yan asalin Gwatemala waɗanda Ingilishi ba harshensu ba ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. An yi gargaɗin ambaliya a ranar, amma ƙarar tonado ta danne shi.

Idan aka jera 1925 da 1948 da 2013, darasin yana fitowa da kansa. Ɓoye hasashe don gudun firgita jama'a kisa yake yi. Faɗinsa ba tare da bayyana wa mutum abin da zai yi ba, shi ma yana iya kisa. Mutumin da ya fito daga bala'i yana shirya wa bala'in jiya ne, alhali na gobe yana iya zuwa da wata fuska: jiya iska, gobe ruwa. Saboda haka hasashen ƙarshen mako da ke bin bayan ɓarna yana da nauyi uku a wuyansa. Dole ya faɗi abin da ke tafe da gwargwadon tabbacinsa, ba ƙari ba ragi. Dole ya faɗi inda za a fake da inda ba za a fake ba. Dole kuma ya isa kunnen kowa da harshen da yake ji. Idan kuwa abin da aka hango sauƙi ne, sararin sama zai washe, wannan ma labari ne mai daraja, domin da shi mai gyaran rufi zai san yana da kwana biyu, masu aikin ceto su san za su iya shiga.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu, tunda irin wannan tonado ba baƙuwarmu ba ce. Gaskiya ne, amma muna da namu. Hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas, da jan ƙura a gabansa, yana yaye kwanon makarantu, ya kayar da turakun lantarki da katangu, wani lokaci ya zubo ƙanƙara a kan shuka. Mutanen Bauchi ba su manta da iskar watan Yunin 2018 ba. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara da na kwana uku-uku a kai a kai. Sai dai sau da yawa da Ingilishi yake fitowa a shafukan jaridu da intanet, da jerin sunayen jihohi da gargaɗi na gaba ɗaya. Manomin da ya shanya hatsi, da direban da zai kama hanya da yamma, da malamin da ke da yara tamanin a aji mai ruɓaɓɓen rufi, su ne masu buƙatarsa, kuma su ne ƙarshen samunsa. Halinsu bai yi nisa da na iyalan Gwatemala a Oklahoma ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Gidajen rediyonmu, waɗanda ake saurare a kowace rumfa, su ware wa hasashe lokaci tsayayye da Hausa, musamman daren Alhamis da safiyar Juma'a, lokacin da jama'a ke shirin tafiye-tafiye da bukukuwa da cin kasuwa. Su riƙa haɗa shi da umarni bayyananne: kada a fake a gindin bishiya ko jikin tsohuwar katanga, kada a ratsa ruwa mai gudu da mota ko babur, a fitar da yara daga ajin da rufinsa ke motsi tun kafin iska ta iso. Sassan nazarin ƙasa da na harsuna a jami'o'inmu su zauna tare su daidaita kalmomi, yadda mai sauraro zai bambance “a zauna cikin shiri” da “a nemi mafaka yanzu”. Hukumomin agajin gaggawa na jihohi kuma, idan sun je rabon kwano da buhunan shinkafa bayan ɓarna, su tafi da hasashen kwanaki uku masu zuwa, domin wanda rufinsa ya yaye ya fi kowa buƙatar sanin ko ruwa zai dawo.

Akwai masu ɗari-ɗari da hasashen yanayi, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Malamanmu sun fi kowa cancantar warware wannan. Tsohon manomi da ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya ba duba ya yi ba, alamu ya karanta, kuma abin da na'ura ke yi ke nan da ido mai nisa. Hasashe yakan kuskure, shi ya sa ake faɗinsa da gwargwado. Ruwa da iska na Allah ne, amma riƙon sababi umarninSa ne. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda za ta yi muni ma haka, kuma haƙƙin jama'a ne a sanar da su tun Larabar, da harshensu, tare da abin da za su yi.