2.4 Furen Kaneshan: Asalinsa, Kamanninsa da Ire-irensa

A wannan sashe za a yi bayani a kan furen kaneshan, domin a bambanta shi da kanumfarin da Hausawa suka sani. Dalili kuwa shi ne, Larabawa suna kiran abubuwan biyu da suna ɗaya, wato ƙaranful, wanda daga gare shi ne Hausa ta aro kalmar kanumfari. Saboda haka mai fassara yana iya ruɗewa ya ɗauki wannan a matsayin wancan.

Asalin kaneshan daga ƙasashen da ke kewaye da Tekun Bahar Rum ne. A shekarar 1753 masanin tsirrai Carl Linnaeus ya ba shi sunan kimiyya Dianthus caryophyllus. Tsiro ne mai ɗaukar shekaru yana raye, tsawonsa kan kai santimita 80. Karansa siriri ne mai gaɓoɓi masu ɗan kumburi, kuma a kowace gaɓa ganye biyu ne ke fitowa suna fuskantar juna. Ganyen tsuke yake, dogo, kore mai ɗan toka-toka. Furen na daji ganye biyar gare shi, bakinsu da tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Wanda ake nomawa kuwa ya fi haka cika nesa ba kusa ba.

Manoma sun kasa shi gida uku:

(i) Mai babban fure ɗaya a kan kara. Akan tsinke sauran tohon ne domin ɗayan ya girma.
(ii) Mai ƙananan furanni da yawa a kara guda.
(iii) Gajere, wanda ake dasawa a tukunya.

Ta fuskar launi, akwai ja da fari da rawaya da ruwan hoda, akwai kuma mai launi biyu. Yawanci reshensa ake yanka a dasa, domin sabon tsiron ya gaji kamannin uwarsa.

Shi kuwa kanumfari, busasshen tohon furen wata bishiya ce mai asali daga tsibiran Maluku na Indonesiya, kuma ba danginsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne ƙamshi, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin yujinol. Bisa wannan dalili, a wannan kundi za a riƙa amfani da "kaneshan" ga furen, a bar "kanumfari" ga kayan yaji.