Faifai Biyu, Lamba Ɗaya: Gaskiya ko Jita-jita?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibin Kafur ba shi da zaɓi sai ya koyi latsa ta, ko a gida ko a Malumfashi da Funtua. Mai shagon koyarwa kuwa yakan shirya na'ura ɗaya ya kwafe faifanta zuwa sauran, ko ya girka kwamfuta a cikin kwamfuta da VirtualBox ko VMware, ya riƙa ajiye kwafi saboda ɓacin rana. Ranar da ya jona kwafin don ciro wani fayil, sai faifan ya ƙi bayyana, maganganu su fara.

Na farko a ce bairos ya cinye shi, ko ɗaukewar wuta ta ƙona shi. Galibi jita-jita ce. Kowane faifai yana da lambar shaida: a tsohon tsarin MBR bayit 4 ce, a tsarin GPT bayit 16. Cikakken kwafi yakan ɗauko har da lambar. Kamar buhunan masara ne na mutum biyu a mota ɗaya, an yi musu alama iri guda. Ɗan dako mai hankali ba zai sauke ba sai an tantance. Haka Windows take yi tun daga Windows 7 a 2009: takan dakatar da faifai na biyun da gangan, ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. VirtualBox ma yakan ƙi karɓar faifan da aka kwafa da hannu idan lambarsa ta yi daidai da ta wanda ya riga ya sani.

Sai masu cewa ai danna Online kawai za a yi. Rabin gaskiya ce, kuma nan ne haɗarin yake. Faifan zai buɗe, amma Windows za ta sauya masa lamba ba tare da shawara ba. Idan hotuna da takardu ne a ciki, babu laifi. Idan kuwa shi ne faifan da ke tayar da na'ura, bayanan tayarwa suna neman tsohuwar lambar ce, don haka ranar da aka koma gare shi sai ya ƙi tashi. Kafin a taɓa komai, a buɗe manhajar diskpart ta Windows, a zaɓi faifan, a rubuta uniqueid disk, a kwafe lambar a takarda. Da ita za a mayar da shi yadda yake.

A VirtualBox, umarnin clonemedium yakan ba kwafin sabuwar lamba tun farko, amma ta VirtualBox ce kaɗai. Wadda Windows ke gani a ciki tana nan yadda take.

Wanda ya ce a yi wa faifan fomat kuwa, a karɓe shi daga hannunsa tun kafin ya zauna.