Ƙwayar Cutar da Ke Sa Ɓera Ya Daina Tsoron Mage

Ɓeran da bai taɓa ganin mage ba a rayuwarsa, da zarar ya shaƙi warin fitsarinta sai ya canza hanya. Da wannan tsoron aka haife shi. Amma a shekarar 2000 masana uku na Jami'ar Oxford da ke Ingila, Manuel Berdoy da Joanne Webster da David Macdonald, suka nuna cewa akwai abin da ke iya goge shi. Sun killace wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da irin warinta: ɗaya warin ɓera, ɗaya ruwa zalla, ɗaya fitsarin zomo, ta huɗu fitsarin mage. Lafiyayyun ɓeraye suka yi ta kauce wa kusurwar mage. Waɗanda ke ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Toksoplasma kuwa ko a jikinsu, wasu ma can suka fi komawa.

Hanya ƙwayar ke nema. A hanjin mage da danginta kaɗai, irin su zaki da damisa da kyanwar daji, take iya barbara ta zuba ƙwai, don haka ɓeran da ya kai kansa bakin mage ya gama mata aiki. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibinsu ba su ma sani ba. Shi ya sa masana suka daɗe suna bin sawunta, kuma abin da suka gano ya saɓa wa da yawa daga cikin abin da ake faɗa game da mage a gidaje.

A 1908 aka fara ganinta a birnin Tunis, inda likitoci biyu 'yan Faransa, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka tsinto ta a jikin wata 'yar dabbar duwatsu mai kama da gafiya da ake kira gundi. A shekarar ce kuma Alfonso Splendore ya gan ta a jikin zomo a Sao Paulo ta ƙasar Burazil. A 1939 likitoci a New York suka tabbatar ita ce ta kashe wata jaririya da aka haifa da ciwon ƙwaƙwalwa. Daga nan tambaya ta taso: ta ina take shiga mutum? An zargi nama, zargin kuwa ya tabbata a 1965, lokacin da Georges Desmonts ya lura a wani asibitin masu tarin fuka da ke yankin Paris cewa yaran da ake ba naman da bai dahu ba, da niyyar ƙara musu ƙarfi, suna kamuwa da ita sosai. Duk da haka da sauran rina a kaba. Tunkiya ba ta cin nama, ga shi tana ɗauka, haka kuma an same ta a jinin mutanen Indiya da ba sa taɓa nama. A wannan shekara ta 1965 William Hutchison na birnin Glasgow ya nuna cewa kashin mage na yaɗa ta. Zuwa 1970 masana da dama, ciki har da Jacob Frenkel da J. P. Dubey a jihar Kansas ta Amurka, suka bi ta har cikin hanjin mage, shekara 62 bayan ganinta na farko.

Dalilin da ya sa sai hanjin mage kuwa bai fito ba sai 2019. Laura Knoll da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin suka gano cewa hanjin mage ba shi da wani sinadari da sauran dabbobi ke sarrafa wani nau'in maiƙo da shi. Maiƙon sai ya taru, shi ne kuma ƙwayar ke jira kafin ta yi barbara. Da suka toshe sinadarin a jikin ɓerayen gwaji, suka ƙara musu maiƙon a abinci, sai ga ƙwai a kashinsu.

Yashi, lambu da tsire

Mage ba ta zubar da ƙwan a duk tsawon rayuwarta. Takan kamu idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, sau da yawa tun tana ƙarama, ta yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da miliyoyin ƙwai a kashinta, daga nan jikinta ya samu kariya, da wuya ta sake. Ƙwan kuma ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ya nuna. In ya nuna kuwa, yana iya wuce shekara da ransa a ƙasa mai laima da inuwa, kuma kulorin da ake sa wa ruwan famfo ba ya kashe shi. A 1995 an tabbatar da mutum 100 da suka kamu a birnin Victoria na Kanada, aka kuma danganta abin da madatsar ruwan sha da kyanwoyin gida da danginsu na daji ke yawo a bakinta.

Duk wanda ya taɓa kallon mage tana biyan buƙata ya san ɗabi'arta: ta zaɓi ƙasa mai laushi, ta tona da ƙafafun gaba, ta tsuguna, ta binne, ta shinshina, ta ƙara binnewa. Tulin yashin gini da aka jibge a ƙofar gida, inda yara ke wasa da yamma, shi ne wurin da ta fi so. Sai kuma kunyar latas da karas a lambu, da tarin harawa da dusa a ɗakin ajiya. Daga nan tunkiya da akuya ke ɗauka, ƙwayar ta lafe a cikin tsokarsu tana jiran wanda zai ci tsiren da aka sauke da ja a tsakiyarsa, ko wadda za ta yanka ɗanyen nama ta juya kan tumatir da kokwamba da wuƙar ba tare da ta wanke ba. A tumaki cutar na jawo ɓari, har makiyayan New Zealand da Birtaniya na yi musu allurar rigakafi. Shafa bayan mage kuwa masana ba su ɗauke shi babbar hanyar kamuwa ba, domin takan lashe jikinta tas kafin ƙwan ya samu lokacin nuna.

Ga mai lafiya, cutar kan wuce ba a ji ba, ko ta tsaya a ɗan zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Mutum biyu ne take yi wa ɓarna. Ta farko mace ce da ta kamu karon farko tana da ciki: ƙwayar na iya ratsa mahaifa ta jawo ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko da tabo a cikin ido wanda zai iya dushe masa gani bayan shekaru. Na biyu shi ne wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai cutar ƙanjamau, domin ƙwayar da ta daɗe a kwance takan farka a ƙwaƙwalwa. Septrin da ake ba irin waɗannan majinyata kullum yana daga cikin abin da ke tsare su. Faransa kuwa tun 1992 take gwada jinin duk mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba wata-wata, don a fara magani da wuri. Shawarar likitoci ga mai ciki ba ta haɗa da korar mage ba. Ta bar wa wani kwashe kashin, a kwashe shi kullum kafin ƙwan ya nuna, ta ci naman da ya dahu har ciki, ta wanke ganye sosai, ta wanke hannu da sabulu bayan taɓa ƙasa ko ɗanyen nama.

Shin ƙwayar na canza halin mutum kamar yadda take yi wa ɓera? A dabbobi dai an ƙara gani. Binciken da aka buga a 2021 kan kurayen dajin Masai Mara na Kenya ya nuna cewa 'ya'yan kura masu ɗauke da ita sun fi kusantar zaki, kuma zaki ya fi kashe su. A mutane kuwa, wani bincike na birnin Dunedin a New Zealand da ya gwada sama da mutum 800, aka buga shi a 2016, bai samu hujja mai ƙarfi ba cewa tana sauya hali ko hankali.

Cizo da yaƙushi

Ciwon haukan kare ya fi Toksoplasma saurin kisa, kuma sunansa na yaudarar mutane su ɗauka a kare kaɗai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare. Amma mage ma na ɗauka, tana kuma yaɗawa. A Amurka, inda aka shawo kansa a karnuka, kyanwoyin da ake samu da shi duk shekara sun fi karnuka yawa. Da zarar alamunsa sun bayyana a mutum, kusan babu mai tashi. Wanda mage ta ciza ko ta yaƙusa har jini ya fito, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, musamman in magen baƙuwa ce ko halinta ya canza.

Akwai kuma ciwon yaƙushin mage, wanda Robert Debré na Paris ya bayyana a 1950, amma sai 1992 aka tabbatar da ƙwayar da ke jawo shi. Ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin kyanwoyi. Mage ta sosa jiki, kashin ƙuma ya maƙale a farcenta, ta yaƙushi yaro a hannu, bayan mako ɗaya zuwa uku sai ga kaluluwa a hammata. Yawanci yana warkewa da kansa, maganin ƙuma kuma shi ne rigakafinsa. Makero ma yara na ɗauka daga 'ya'yan mage masu zagayayyen tabo marar gashi a fuska ko kunne. Masu cewa gashin mage na tayar da asma suna da rabin gaskiya: wani sinadari ne da ke cikin miyaunta da fatarta, wanda take shafa wa gashin idan tana lasa.

Lafiyar ita kanta magen

Kyanwoyi da yawa a hannun masu tausayinsu suke mutuwa. Mage ta ƙi cin abinci, maigida ya niƙa mata farasitamol a ruwa. Hantarta ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta: dasashi ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Maganin kaska na karnuka da aka rubuta permethrin a jikin kwalbarsa yana sa mage karkarwa da jijjiga. Fiya-fiya ma guba ce gare ta, haka ɓeran da ya ci shinkafar ɓera in ta cinye shi. Albasa na lalata mata jini, madarar shanu kuma na sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa.

Sauran tuwo ma bai ishe ta ba. A 1987 Paul Pion na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa ciwon zuciyar da ke kashe kyanwoyi da yawa a lokacin ya samo asali ne daga ƙarancin wani sinadari mai suna torin, wanda jikin mage ba ya iya haɗa isasshe, sai ta samu a nama da kifi. Kamfanonin abincin mage suka ƙara shi, ciwon ya ragu ƙwarai. Magen gidan da ake ba dafaffen kifi da guntayen nama tana samun torin ba tare da haɗarin ɗanyen nama ba.

A jami'ar ce kuma Niels Pedersen ya yi shekaru yana fama da wata cuta da ke cika cikin 'yan kyanwoyi da ruwa, wadda a da kusan duk wadda ta kama sai ta mutu. A 2019 ya buga sakamakon gwajin wani magani ɗan uwan remdesivir (shi remdesivir ɗin ne daga baya aka yi amfani da shi a annobar korona): cikin kyanwoyi 31, guda 25 suka warke bayan allurar aƙalla mako 12. Da cutar ta ɓarke a tsibirin Saifurus a 2023, gwamnatin ƙasar ta buɗe rumbun magungunan korona na mutane ta ba likitocin dabbobi.

Abin da gidan da ke da mage a Kano ko Maraɗi ke buƙata bai kai tsadar irin wannan magani ba. Allurar farko ta cututtukan mage ana yin ta ne tana da mako shida zuwa takwas, a maimaita, ta haukan kare kuma daga wata uku. Sai maganin tsutsar ciki da na ƙuma wanda likitan dabbobi ya ce na mage ne, da kwano mai yashi a lungu wanda ake zubarwa kullum. Dandaƙa ga muzuru da aikin tsayar da haihuwa ga mace suna rage faɗa da yawo, su kuma rage 'yan kyanwoyin da ake watsarwa a juji, waɗanda su suka fi ɗaukar ƙuma da makero da Toksoplasma. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato suna karɓar kyanwoyi, haka asibitocin dabbobi na jihohi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wato ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, likitocin dabbobi a jihohi da dama kan yi allurar kyauta, don haka mai mage zai iya tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa da shi kafin ranar ta zo.