Dokin da Ba Shi da Ubangida: Wa Zai Tsaya Masa?

A nan Maiduguri, duk dokin da muka gani a hawan sallar Shehun Barno yana da mai shi, yana da turke, yana da mai yi masa ciyawa. Shi ya sa nake ganin ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wasu dawaki da ba su san linzami ba, wato dawakin daji na yammacin Amurka, waɗanda ake kira mustan.

Asalinsu dawakin gida ne da Turawan Sifen suka kai can, suka kuɓuce, suka hayayyafa a daji. Da yake ba su da mai su, sai aka riƙa kama su ana yankawa don yin abincin karnuka. Wata mata 'yar jihar Nebada, Velma Johnston, ita ta tashi tsaye, ta sa yara 'yan makaranta suka yi ta aika wa majalisa wasiƙu, har aka kafa dokar kare dawaki da jakunan daji a 1971.

To amma dokar ba ta hana gwamnati kamen ba. Tun 1976 aka yarda a riƙa koro su da jirgi mai saukar ungulu zuwa cikin shinge. Hujjar hukuma ita ce, garke kan ninka cikin shekara huɗu ko biyar, ciyawa da ruwa kuma ba sa isa. Masu adawa kuwa cewa suke yi shanun 'yan kasuwa ne ke cinye makiyayar, kuma dukushi kan karye ko ya rabu da goɗiya wajen gudun. Sun fi son a yi wa goɗiyoyi allurar hana ɗaukar ciki a bar su a dajinsu.

Mu a nan, jaki ne ke cikin irin wannan hali. Ana yanka shi don fatarsa, wadda ake kai wa ƙasar Sin a haɗa magani. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ma ta haramta yanka su don fata a 2024.

A ƙarshe, ni abin da na fahimta shi ne, doka ita kaɗai ba ta tsare dabba sai da mai sa ido. Idan 'yan firamare sun iya motsa majalisa da alƙalami, ina ga mu da muke nazarin harshe? Mu rubuta, mu faɗakar, tun jaki bai zama sai a karin magana ba.