Sauya kayan moto: araha ba ta ado

Tun shekarun 1970 da 1980 moto Yamaha DT 125 ya yi suna a karkarar Nijar, domin shi ke kai malaman gona da na asibiti ƙauyukan da mota ba ta shiga. Masu tsofaffin irinsa kan sa masa kayan wasu kamfanoni, waɗansu don araha, waɗansu don neman gudu.

Amma kowane sauyi yana da hakkinsa. Wanda ya ɗaura sabon bututun hayaƙi bai gyara ma'aunin isansi cikin karbirato ba, injinsa zai yi zafi fiye da kima, har fistan ya kama a tsakiyar daji. Wanda kuma ya cire famfon mai na Autolube, wanda Yamaha ta fito da shi a 1964, wajibi ne ya riƙa gauraya mai da isansi duk lokacin da ya cika tanki. Mantuwa ɗaya ta isa ta kashe injin.

Rage haƙori 1 ga ƙaramin faifan sarƙa na gaba yana ƙara ƙarfin ja cikin rairayi, amma yana rage gudu bisa kwalta. Sarƙa da faifanta biyu kuwa tare ake sauya su, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa.

Babban abokin gabar injin shi ne ƙurar hunturu. Saboda haka a riƙa wanke soson tace iska, a shanya shi, a shafa masa mai. Wannan ɗan aiki ya fi sayen fistan sauƙi.