Yadda Za Mu Kula da Fatar Mai Jinyar Ciwon Daji

Ranar 4 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya. A nan yankinmu ranar tana zuwa ne cikin hunturu, lokacin da fatar mai lafiya ma take bushewa, ƙafa ta yi faso, balle ta marar lafiya.

Me ya haɗa ciwon daji da fata?

Masu wannan ciwo daga Funtua, Bakori, Ɗanja da Malumfashi sukan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Zariya. A 2025 kuma an buɗe cibiyar jinyar ciwon a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Bayan tiyata, akwai manyan hanyoyin magani guda biyu. Ta farko ita ce magani mai ƙarfi da ake sa wa a ƙarin ruwa ko a ba mutum ya sha. Aikinsa kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, to amma ƙwayoyin fata da na suma su ma suna saurin hayayyafa, sai abin ya shafe su. Shi ya sa suma ke zubewa, fata ta bushe, farce ya yi baƙi. Ta biyu ita ce gashi da na'ura. Bayan kamar mako biyu da farawa, wurin da ake gasawa yakan yi duhu da ƙaiƙayi, wani lokaci har ya saɓule.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki, don haka ɗan tsagewar da ba za ta dame mu ba tana iya zama ƙofar ƙwayoyin cuta ga mai jinya.

Abin da ya kamata a yi

1. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, ko da ana sanyi.
2. A ajiye soso. A yi amfani da tafin hannu da sabulu marar ƙamshi.
3. Kada a goge jiki da ƙarfi. A riƙa danna tawul mai laushi a hankali har ruwan ya tsane.
4. A shafa mai marar turare bayan wanka. Amma a wurin da ake gashi, ko man kaɗanya ne, sai an tambayi likita ko nas tukuna.
5. A sa kaya masu yalwa na auduga. Mu da ke ƙasar auduga ba mu da uzuri a nan.
6. A rufe wurin daga rana. Mai jinya ya bar zuwa gona da tsakar rana, kada kuma ya taɓa taki ko maganin feshi.
7. Idan an yi alama da tawada a wurin gashi, kada a kankare ta. Da ita ake saita na'ura.

Abin da za a guje wa

Man bilicin, dilka, halawa, baƙin lalle, fesa turare a fata, man zafi, da aske wurin da reza. Haka kuma toka ko garin saiwa da wani zai kawo ya ce a barbaɗa. Mai kawowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma fatar ba za ta iya ɗauka ba. Idan ƙaiƙayi ya dame shi, a yanke masa farce, a gaya wa likita.

Yaushe za a koma asibiti?

Idan fata ta yi ƙuruciyar ƙuna, ta fashe, tana ruwa ko mugunya, a sanar da asibiti. Idan kuwa zafin jiki ya kai digiri 38, a tafi nan take, ko da dare ne. Kada a tsaya sayen magani a kemis ana cewa zazzaɓin sauro ne.

Namu aikin

Mu yara ba likitoci ba ne, amma mu ake aika ɗebo ruwa da sayen sabulu. Mu sirka ruwan wanka, mu ɗauraye kayan mai jinya sosai don kada sabulun wanki ya rage, mu wanke hannu kafin mu taɓa shi. Kuma mu sani ba a ɗaukar ciwon daji ta gaisawa ko cin abinci tare. Idan fatar Inna ko ta Baba ta canza, kada mu guje su, mu matso kusa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta