Tayar Tsere A Kan Motar Cefane

Wani yaron unguwarmu da ke gyaran mota a Abossey Okai ya kira mu ran nan domin mu ga abin da ya ce tsintuwa ce. Tayoyi ne guda huɗu da ya tsamo daga kwantenar gwanjo da ta zo daga Turai, masu faɗi, zanen jikinsu 'yan layuka ne kawai kamar an ja da wuƙa. A gefensu an rubuta Toyo Proxes R888R. Ya ce da irinsu Turawa ke wasan tsere, shi ma zai ɗaura wa motarsa ya je su gwada gwaninta da abokansa a fili ran Lahadi, ran Litinin kuma ya kai mahaifiyarsa kasuwa da ita. Zancen kai Hajiya kasuwar nan shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Yaron bai yi ƙarya ba. A Amurka da Turai akwai masu tsere na sha'awa, ma'aikata ne da 'yan kasuwa, waɗanda motar da suke zuwa aiki da ita, da ita suke shiga gasa. Akan jera 'yan robobi masu tsini a babban filin ajiye motoci, kowa ya zagaye su shi kaɗai, ana duba agogo. Kuma babu abin da ke rage wa mutum daƙiƙa a irin wannan wasa kamar taya. Robar tayar tsere tana da taushi, idan ta ɗau zafi, wajen digiri 70 zuwa 100, sai ta manne wa kwalta kamar ƙaro, mota ta sha kwana ba ta zame ba.

To, amma taushin nan da kuɗinsa. Masu karatu su duba gefen tayarsu, za su ga kalmar TREADWEAR da lamba a gabanta, wadda ke nuna ƙarkon robar. Tayar gida takan kai 400 ko fiye, ta yaronmu kuwa 100 ce. Kungiyar SCCA ta Amurka ma, a ajin motocin da ake hawa titi da su, ba ta yarda da tayar da ta gaza 200 ba. Kamfanin Hoosier, mai yin masu lamba 40, da kansa yake gargaɗin kada a hau titi da su.

Turawa sukan yi kukan cewa irin wannan taya ba ta kama hanya a lokacin sanyi. Wannan ba damuwarmu ba ce a Ankara ko Kumasi. Damuwarmu ruwan sama ne. Zanen jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Sabuwar tayar gida zurfin zanenta yakan kai milimita 8, ta tseren nan kuwa wajen 5 ne tun tana sabuwa, balle wadda wani ya riga ya more. Idan aka yi ruwan watan Yuni, lambatu ya cika ya tumbatsa kan titi, sai tayar ta kasa korar ruwan, ta hau kansa kamar kwalekwale. A wannan lokaci sitiyari da birki duk ba su da amfani, direba ɗan kallo ne.

A nan za mu ɗan ratse, don mun sha jin wasu direbobi suna cewa ai suɗaɗɗiyar taya ta fi kama hanya, tunda motocin Formula 1 ma tasu ba zane. Waccan da gangan aka yi ta sumul da roba mai taushi, taka kuwa tsufa ne ya cinye ta. Kuma su ɗin ma, da zarar an fara yayyafi sai su garzaya a canza musu masu zane.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne dalilin da ya kawo tayoyin cikin kwantena. Mai su bai yar da su don ya gaji da kuɗinsa ba. Duk lokacin da tayar tsere ta ɗau zafi sosai ta huce, robarta takan ƙara tauri, har ta kai ido yana ganin sauran zane alhali kamun ya tafi. A nan ne mai ita yakan sallame ta. Wato mai sayen gwanjo yakan sami illar tayar tsere cikakkiya, amfanin kuwa an bar shi can Turai. Ga kuma taurin gefenta, wanda idan ta faɗa rami sai wili ya ji a jikinsa.

Masu wannan wasa da suka san abin da suke yi, wili biyu-biyu suke ajiyewa. Su je fili da tayar gida, su ɗaura ta tsere a can, in an tashi su kwance su mayar. Aikin rabin awa ne da jak da sifana.

Kafin mu bar shagon mun sa yaron ya nemo inda aka rubuta DOT, ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Dokar hanya da aka yi a Gana a 2012, wato L.I. 2180, ta hana hawa titi da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko wadda zanenta ya gaza milimita 1.6. Ya goge ƙurar da babban yatsa, ya karanta: 2318. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ke nan, na fili ne kawai, zai nemi tsofaffin wili huɗu ya ɗaura su. Motar Hajiya dai tana nan da tayoyinta na da.